Frank Murphy: Alƙalin Da Ƙuri'un Baƙi Suka Ɗora A Kan Kujera

A wannan fitowa za mu ɗan ƙetare teku mu leƙa Amurka, domin mu kawo muku tarihin wani alƙali wanda ya bar duniya tun shekarar 1949. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne hanyar da ya bi ya hau kujerar shari'a. Mu a nan mun saba gwamnati ce ke naɗa alƙali, to amma a jihohi da yawa na Amurka alƙalin ƙaramar kotu sai ya fito ya yi yaƙin neman zaɓe, ya bi unguwa-unguwa yana roƙon ƙuri'a tamkar mai neman kansila. Mu dai da farko abin ya ɗaure mana kai, don kuwa wanda ya roƙi ƙuri'arka jiya, yaya zai iya ɗaure ka gobe?

An haifi Frank Murphy ranar 13 ga Afrilu, 1890, a wani ɗan ƙaramin gari na bakin tafki da ake kira Harbor Beach, cikin jihar Michigan. Asalin gidansu mutanen Ayalan ne, mabiya ɗarikar Katolika, kuma a Amurkar wancan zamani irinsu ba su cika samun fuska a wurin manya ba. Mahaifinsa lauya ne. Shi ma yaron ya bi sawun uban, ya gama karatun lauya a Jami'ar Michigan cikin 1914. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya shiga soja har ya kai kyaftin, ya ɗan taɓa ƙarin karatu a Landan da Dublin, sannan ya komo gida ya kama aikin lauyan gwamnatin tarayya a birnin Detroit. A 1920 ya nemi kujerar majalisar wakilai, ya sha kaye.

To, sai mun ɗan tsaya a kan wannan birni na Detroit kafin a gane sauran labarin. Gari ne na masana'antun mota. Tun da Henry Ford ya sanar a 1914 cewa zai riƙa biyan lebura dala 5 a yini, sai jama'a suka yi ta kwararowa, wasu daga Foland da Italiya da sauran ƙasashen Turai, wasu kuma baƙar fata ne daga kudancin Amurka masu gudun wulaƙanci. A 1910 baƙar fatar garin ba su kai dubu 6 ba, amma kafin 1920 sun haura dubu 40. Aiki akwai, wurin kwana ne babu. Aka cusa su a 'yan unguwanni ƙalilan a gabashin gari, ana karɓar kuɗin haya mai tsada a kan gidajen da suka ruɓe. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci a garin wasu ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kotun da ke shari'ar masu laifi a birnin a wancan lokaci sunanta Recorder's Court, kuma nan ne ake gurfanar da kowa, tun daga wanda aka tsinta a buge a gefen titi har zuwa wanda ake tuhuma da kisan kai. A farkon shekarun 1920 wasu alƙalai huɗu ne suka haɗa kai suka riƙe ragamarta, da goyon bayan masu hannu da shuni da wata babbar jarida ta garin. Sun yi suna wajen saurin yanke hukunci da tsanani, masu goyon bayansu kuwa suna cewa ai da haka ne za a tsabtace gari. Amma talaka, musamman wanda Turancinsa bai nuna ba ko fatarsa baƙa ce, ya san cewa a kansa tsananin yake ƙarewa.

Nan fa Murphy ya ga ƙofa. A zaɓen 1923 ya fito takara, ya kuma ɗora kamfe ɗinsa kacokan a kan rusa wannan ƙawance na mutum huɗu. Abin da ya riƙa gaya wa jama'a bai da yawa: kotu ta zama kamar injin niƙa, ana zuba mutane ana kwashewa ba tare da an saurare su ba, mai kuɗi da marar shi ba sa samun ma'auni ɗaya, kuma in an zaɓe shi zai dubi mutumin da ke tsaye a gabansa da halin da ya jefa shi cikin laifi kafin ya yanke. Jaridar Detroit Times ta tsaya masa. Unguwannin leburori da na baƙar fata suka zuba masa ƙuri'a, ya ci, ƙawancen kuma ya watse. Ya kama aiki a farkon 1924.

Alƙawarin ɗan takara dai mun san shi. Amma shi wannan ya taɓuka. Ya sa hannu wajen gyara sha'anin beli, domin a lokacin akwai dillalan beli da ke kewaya kotu suna tatsar iyalan waɗanda aka tsare. Haka kuma a manyan laifuffuka yakan zauna da jami'in da ke bin diddigin masu laifi da likitan ƙwaƙwalwa, su binciki tarihin mutum tukuna kafin a faɗi yawan shekarun da zai yi.

Babbar jarrabawar ta zo a 1925. Wani likita baƙar fata, Dakta Ossian Sweet, ya sayi gida a kan titin Garland, cikin unguwar farar fata zalla, a kan dala 18,500. Kuɗinsa ne, halaliyarsa. Amma a wannan bazara an riga an kori wasu baƙar fata daga gidajen da suka saya a irin waɗannan unguwanni, kuma ƙungiyar nan ta masu ƙin baƙar fata, Ku Klux Klan, tana da dubban mabiya a garin. Don haka da likitan zai tare ranar 8 ga Satumba, sai ya tafi da 'yan'uwansa da abokai da bindigogi. Washegari da dare taro ya cika titi, aka fara ruwan duwatsu a kan gidan. Sai harbi ya fito daga bene. Wani mai suna Leon Breiner ya mutu, wani kuma ya ji rauni. 'Yan sanda suka kwashe duk mutum 11 da ke cikin gidan, har da matar likitan, Gladys, aka tuhume su da kisan kai.

Shari'a ce wadda kowane alƙali mai tunanin zaɓe na gaba zai so ta wuce ta gefensa. Murphy shi ke shugabantar kotun a lokacin, yana da ikon ya miƙa ta ga wani, sai ya ajiye ta a teburinsa. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta ɗauko shahararren lauya Clarence Darrow. Mutum 12 da aka zaɓo su taya alƙali yanke hukunci kuwa duk farar fata ne. Abin da Murphy ya yi wanda ya juya shari'ar shi ne, ya ƙyale Dakta Sweet ya faɗi abin da ya sani na kisan gilla da ƙone-ƙonen da ake yi wa baƙar fata, domin a gane irin tsoron da ke zuciyar mutanen gidan a wannan dare. Masu gabatar da ƙara sun ce wannan ba ya cikin magana, alƙali ya ce yana ciki. Ya kuma bayyana wa mutanen nan 12 cewa haƙƙin mutum na kare gidansa da ransa bai san launin fata ba.

Suka shafe kusan awa 46 suna gardama, suka kasa haɗa baki, aka rushe shari'ar a ƙarshen Nuwamba. A 1926 aka sake gurfanar da Henry Sweet, ƙanen likitan, wanda ya amsa cewa ya yi harbi. Ranar 13 ga Mayu aka wanke shi, daga baya gwamnati ta janye tuhumar sauran. Kada dai mai karatu ya ɗauka iyalin sun ji daɗi bayan haka. Tarin fuka ya kashe 'yarsu ƙarama a 1926, ya kashe Gladys a 1928, shi kuma likitan ya kashe kansa a 1960.

Ba za mu mai da Murphy waliyyi ba. Waɗanda suka san shi sun shaida yana da son a gan shi da son girma, kuma shari'ar nan ta ƙara masa farin jini a unguwannin da suka zaɓe shi. Mu a ganinmu wannan shi ne haɗarin zaɓen alƙali: da a ce ƙuri'un 'yan Klan ne suka ɗora wani a wannan kujera, Allah kaɗai ya san inda mutum 11 ɗin nan za su kwana. Sai dai a lissafa masa cewa farar fata su ne mafi rinjaye a garin nesa ba kusa ba, kuma ya san da haka ranar da ya karɓi shari'ar.

Daga nan sai hawa. A 1930 jama'ar Detroit suka tsige magajin garinsu Charles Bowles, wanda 'yan Klan suka taɓa mara wa baya, Murphy ya ajiye alƙalanci ya ci kujerar, daidai lokacin da karayar tattalin arziki ta rufe masana'antu, ya yi ta fafutukar ciyar da marasa aiki. Shugaba Roosevelt ya tura shi Filifin a matsayin gwamna-janar a 1933. Ya zama gwamnan Michigan a 1937, inda ya ƙi sa sojoji su fitar da ma'aikatan General Motors masu yajin aiki a garin Flint da ƙarfin bindiga, abin da ya taimaka wajen kayar da shi a zaɓen 1938. Ya riƙe ministan shari'a a 1939, sannan a 1940 aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli.

A can ma halin bai sauya ba. A 1944 kotun ta amince da kwashe Amurkawa 'yan asalin Japan daga gidajensu saboda yaƙi, alƙalai shida suka yarda, uku suka ƙi. Murphy na cikin ukun, ya rubuta ƙarara cewa wannan wariyar launin fata ce aka sa wa rigar doka. Bai taɓa aure ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Detroit ranar 19 ga Yuli, 1949, yana da shekara 59, aka mai da gawarsa Harbor Beach aka binne.