Oskar Barnack: Bakaniken da kyamararsa ta ƙi faɗuwa a kasuwa

A watan Yunin 2022 aka yi gwanjon wata tsohuwar kyamara a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, aka sayar da ita Yuro miliyan 14.4, kuɗin da ba a taɓa sayen kyamara da shi ba. Ba ta da batir, ba ta da allo, kuma ta kusa cika shekara ɗari. Lambarta 105, mai ita kuwa shi ne maƙerinta, Oskar Barnack.

An haifi Barnack ranar 1 ga Nuwamban 1879 a ƙauyen Lynow da ke kudu da Berlin. Ya koyi kanikancin ƙananan na'urori tun yana saurayi, sannan ya yi aiki a kamfanin Carl Zeiss da ke Jena. A 1911 ya koma kamfanin Ernst Leitz a Wetzlar, wanda a lokacin ya shahara ne wajen ƙera madubin duba ƙananan halittu.

Barnack mai son ɗaukar hoto ne, amma yana fama da ciwon asma. Kyamarar wancan zamani kuwa kaya ce guda: babban akwati, da ƙafafu uku na katako, da faifan gilashi da hoto ke hawa kansu. Mai ƙarancin numfashi ba zai iya hawa tudu da wannan lodi ba. Sai ya fara tunanin yadda za a ɗauki hoto ƙarami, daga baya a faɗaɗa shi wajen wanki.

Tsakanin 1913 da 1914 ya haɗa wata 'yar kyamarar ƙarfe da ke shiga aljihun riga. Ya ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi a gicciye, ya ninka girman kowane hoto daga milimita 18 da 24 zuwa 24 da 36. Wannan ma'auni nasa ne masu ƙera kyamara ke bi har yau, har a manyan kyamarorin dijital. Ernst Leitz na Biyu ya tafi da samfurin New York a 1914 ya gwada shi, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin. Barnack bai ajiye tasa ba. Hotunan da ya ɗauka na ambaliyar Wetzlar a 1920 suna nan har yanzu.

A 1923 aka ƙera ashirin da 'yan kai don gwaji, waɗanda mai lamba 105 ke cikinsu. Mashawartan kamfanin da dama sun ga kasada ce, domin tattalin arzikin Jamus na cikin mawuyacin hali, amma a 1924 Leitz ya yanke shawarar a ci gaba. Max Berek ya tsara mata madubi mai kaifin da zai jure faɗaɗa hoto, aka fito da ita a bajekolin Leipzig na 1925 da sunan Leica. A 1932 Leica II ta fito da na'urar auna nisa a jikinta. Da irin waɗannan kyamarori ne masu hoto kamar Henri Cartier-Bresson suka shiga tituna suna kama rayuwa ba tare da an tsaya musu an gyara zama ba.

Barnack ya rasu ranar 16 ga Janairun 1936 a Bad Nauheim, yana da shekara 56. Tun 1979 ake ba da kyautar ɗaukar hoto da sunansa.

Darajar abin da ya bari tana da sababi biyu, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne ƙaranci da tarihi. Wannan ne ya kai mai lamba 105 inda ta kai, shi ne kuma ya sa 'yar'uwarta mai lamba 122 ta yi Yuro miliyan 2.4 a Vienna a 2018. Masu tara kayan tarihi ne ke biyan irin wannan kuɗi, kuma ba kowace kyamarar fim ce ta samu wannan rabo ba. Da dijital ta mamaye kasuwa, da yawansu an yi ta sayar da su a wulaƙance.

Sababi na biyu yana cikin ƙirar kanta, shi ne kuma ya shafi mai saye na yau da kullum. A kyamarar Barnack, abin da ke kama haske fim ne, kuma ana sauya shi duk lokacin da ya ƙare. Idan aka inganta fim, tsohuwar kyamara ma ta amfana. Sauran jikinta ƙarfe ne da sifirin da ƙananan haƙora, waɗanda gwanin gyara zai kwance ya wanke ya sa musu mai. A kyamarar dijital kuwa, allon kama hasken a manne yake a cikinta. Ranar da sabo ya fito, tsohon ya zama baya, farashi ya bi shi ƙasa.

Kamfanin Leica da kansa ya ɗanɗana haka. M9 ta dijital da ya fitar a 2009 ta yi fama da lalacewar allon kama haske, kuma a 2020 ya daina sauya wa masu ita allon domin an daina ƙera shi. M3 mai amfani da fim, wadda ta fito a 1954, har gobe ana gyara ta ana aiki da ita. A 2022 ma kamfanin ya dawo da ƙera M6 ta 1984, saboda masu nemanta sun yawaita.

Dijital ta fi sauri, ta kuma raba mai hoto da kuɗin fim da na wanki, don haka wanda sana'arsa ke nan yakan mayar da kuɗinsa tun kafin ta tsufa. Amma wanda ke lissafin abin da zai samu ranar da zai sayar, sai ya fara tambayar ko akwai mai gyaranta bayan shekara ashirin. Kyamarorin da Barnack ya ƙera da hannunsa sun riga sun amsa wannan tambaya.