Whistler, mai zanen dare da makarantar soja ta kora

A wannan shekarar tamu ta ƙarshe ta difloma aikin fenti ya haɗa ni da James McNeill Whistler, kuma gaskiya da farko raina shi na yi. Hotunansa duk dishi-dishi, kamar gari a cikin hazon hunturu.

An haife shi a Lowell ta Amurka a 1834. Makarantar soja ta West Point ta kore shi a 1854 bayan ya faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai, saboda haka masu ragowar kwas ku kwantar da hankalinku. Ya wuce Faris, daga baya ya zauna a Landan.

Launi biyu ko uku yake ɗauka, shuɗi, toka-toka da ɗan ruwan zinariya, ya daidaita su yadda babu wanda zai danne wani. Yakan tsinka fenti har ya zama ruwa-ruwa, ya ja burushi a hankali, wani lokaci sai ya kwantar da ƙyallen a ƙasa kada ya zuba. Da dare yakan shiga kwalekwale a kogin Thames ya ƙare wa gari kallo, sannan ya zana da ka. Ni da na gwada, nawa kamar kunu ya zube a zane.

A 1877 John Ruskin ya zarge shi da watsa wa jama'a fenti a fuska yana neman kuɗi. Whistler ya kai ƙara, ya yi nasara a 1878, amma diyyar rubu'in kwabo ce kacal, ga kuɗin shari'a. A 1879 ya tsiyace. Hoton mahaifiyarsa kuwa, gwamnatin Faransa ta saye shi a 1891. Ya mutu a Landan a 1903.