Tuna Baya: Barmani Choge, Matar Da Ta Fito Da Ƙwarya Daga Tsakar Gida

Shekaranjiya na shiga Babbar Kasuwar Katsina sayen atamfa, sai wani mai tura waƙoƙi a waya ya saki A Kama Sana'a Mata. Wata tsohuwa mai daddawa har da rausaya kai. Wani saurayi a gefe kuwa ya taɓe baki, wai ai wannan mawaƙiyar batsa ce. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa yau ita zan kawo muku.

Sunanta na yanka Sa'adatu, Barmani Choge kuwa laƙabi ne. An haife ta a Gwaigwayi, kusa da Funtuwa, nan jiharmu. 'Yar malami ce, kuma tun tana ƙarama aka yi mata aure. Mijinta Alhaji Aliyu makaɗin garaya ne, bai hana ta waƙa ba, shi ma ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Ku riƙe wannan, domin a yau jarumar Kannywood ana ɗaura mata aure, yawanci ta bar fim ke nan. Ita Barmani da aurenta da tulin 'ya'yanta ta yi suna.

Kiɗanta amada ne. Ƙore ake kifewa, wata a cikin ruwa, mata su zauna suna bugawa suna amshi. Asali abin cikin gida ne, na biki da suna, inda maza ba sa leƙawa. Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani su ne suka fito da shi fili, har kaset da rediyo. To a nan fa aka fara ganin laifinta. Zancen kishi, haihuwa, jikin mace, duk abin da mata ke faɗa a ɗaki suna shewa, ita ta faɗe shi a lasifika. Gaskiya Waƙar Duwaiwai ba zan kunna ta gaban babanmu ba, wannan kam na yarda. Amma Shata fa? Ya yi A Sha Ruwa, ya yi zambo son ransa, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ban ce bai cancanta ba, Allah ya ji ƙansa. Sai dai shi an ce fasihi ne, ita an ce ba ta da kunya.

Abin da masu zagin ke tsallakewa shi ne yadda ta dinga zaburar da matan aure su kama sana'a, ko ƙuli ne ko saƙa, kada mace ta zauna sai miji ya ba ta kuɗin sabulu. Ta yi wannan kiran tun ba a fara taron tallafa wa mata a otal ba.

Ta rasu a Funtuwa a watan Maris na 2013, lokacin ina firamare. Allah ya gafarta mata. Kafin in bar kasuwar dai sai da na sa aka tura mini waƙoƙinta, mai daddawar nan tana ta faɗa wa yaron waɗanda zai saka.