Imamu Shaɗibi, Makahon Da Ya Yi Wa Masu Ido Jagora

 Wannan mako filin zai kawo tarihin wani bawan Allah wanda kusan duk mahaddacin Alƙur'ani yake cin gajiyar aikinsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Shi ne Alƙasim ɗan Firruhu, wanda aka fi sani da Imamu Shaɗibi. Kada a rikita shi da Abu Is'haƙa Shaɗibi mai littafin Muwafaƙatu. Wancan malamin Usulu ne, kuma shekara 200 ce tsakanin rasuwarsu.

An haife shi a garin Shaɗiba ta ƙasar Andalus, watau Sifen ta yau, a shekara ta 538 bayan Hijira, daidai da 1144. Sunan mahaifinsa, Firruhu, ba Larabci ba ne. A bakin mutanen ƙasar ma'anarsa ƙarfe. Allah Ya jarrabi Shaɗibi da makanta, amma Ya musanya masa da ƙwaƙwalwar da ba ta sakin abin da ta kama. Ya haddace Alƙur'ani a garinsu, ya koyi ƙira'o'i wajen Abu Abdullahi Annafzi, sa'an nan ya tafi Balansiya wurin Ibnu Huzaili, ya biya masa littafin Taisiru na Abu Amru Addani da ka. Hadisi ma haka. Masu tarihi sun ce idan ana karanta masa Buhari ko Muslimu ko Muwaɗɗa, daga haddarsa ake gyara kuskuren takarda. Mai ido yana riƙe da littafi, makaho yana nuna masa inda marubuci ya yi tuntuɓe.

Dalilin barinsa gida shi ne abin da ya fi nuna irin tarbiyyar da Alƙur'ani ya yi masa. An ruwaito daga almajirinsa Sahawi cewa an nemi ya zama mai huɗuba a garinsu. Matsayi ne babba, ga girma ga abin masarufi, shi kuwa mutum ne marar hali. Amma masu huɗuba na lokacin sukan zuba wa sarakuna yabon da ya wuce gaskiya a kan mumbari. Shaɗibi ya ga bakin da yake ɗauke da zancen Allah bai dace da wannan ba. Sai ya kawo uzurin aikin Hajji, ya fita, bai sake komawa ba. Ya zaɓi talauci da baƙunci a kan ya faɗi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba.

Ya shiga Masar a shekara ta 572, ya saurari hadisi wajen Hafizu Silafi a Iskandariyya, ya zauna yana karantarwa a masallacin Amru ɗan Asi. Daga baya Alƙali Fadil, wazirin Salahuddini, ya ɗauke shi ya shugabantar da shi karatun Alƙur'ani a makarantarsa ta Fadiliyya a Alƙahira.

A can ne ya kammala waƙarsa Hirzul Amani, wadda duniya ta sani da Shaɗibiyya. Baiti 1173 ne, duka a kan amsa-amon lamun, ya tattara ƙira'o'in nan bakwai da suke cikin Taisiru tare da ƙari. Dabarar da ya yi abin mamaki ce. Maimakon ya riƙa jero sunayen limamai bakwai da marawaitansu goma sha huɗu, sai ya ba kowa harafi: alif na Nafi'u, ba na Ƙalunu, jim na Warshu, haka har ƙarshe. Sa'an nan ya saƙa haruffan a farkon kalmomi masu ma'ana, ta yadda baitin zai tafi sumul kamar nasiha, alhali yana sanar da ɗalibi wanda ya karanta kaza. Da ma wanda bai dogara da takarda ba shi ya fi sanin abin da ƙirji zai iya ɗauka. Ruwayar Hafsu da galibin Musulmi suke karantawa, da ruwayar Warshu ta hanyar Azraƙu wadda alarammomin tsangayun ƙasar Hausa da Barno suka gada, duka suna cikin wannan waƙa. Yana da wata kuma, Aƙila, a kan ƙa'idojin rubutun Mus'hafi.

Game da halinsa, ba ya zama karantarwa sai da alwala, cikin natsuwa da tufa mai kyau. Ba ya maganar da ba ta da amfani, kuma yakan hana a yi ta a majalisinsa. Ciwo yakan tsananta masa, ba a ji ya yi raki ba. Saboda kaifin hankalinsa, baƙon da ya zauna da shi ba ya saurin gane makaho ne.

Bayan Salahuddini ya karɓo Baitul Muƙaddas a 583, Shaɗibi ya kai ziyara can, ya komo Alƙahira. Ya rasu ran 28 ga Jimada Sani, shekara ta 590, daidai da 1194, yana da shekara 52. An binne shi a maƙabartar Ƙarafa, a hubbaren Alƙali Fadil. Almajirinsa Sahawi ya yi wa waƙar sharhi mai suna Fat'hul Wasidi, ya yaɗa ta a Dimashƙa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, amin.