JOSEPH SCRIVEN, MAI FASKARE DA YA BAR MANA WAƘA (1819–1886)

Cikin shekara 50 ɗin nan mun sha rera waƙar nan da ke koya mana cewa Yesu abokinmu ne, mu kai masa kome cikin addu'a. Mun rera ta a sujada, mun rera ta a bakin kabari. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da ya rubuta ta.

An haifi Joseph Scriven a 1819 kusa da garin Banbridge a ƙasar Ayalan. Gidansu na masu hali ne, ubansa hafsan soja. Ya gama karatu a kwalejin Trinity ta birnin Dablin a 1842, ya nemi aure, aka sa rana. Ana gobe biki, yarinyar ta faɗa kogi ta rasu.

A 1845 ya haye teku zuwa Kanada. Rashin lafiya ta mai da shi gida, ya sake tafiya a 1847. Shekarar nan kuwa ita ce mafi tsanani cikin babbar yunwar Ayalan, wadda cutar dankali ta jawo. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, jirage kuma suna ta kwasar jama'a zuwa Amurka da Kanada. Shi ba yunwa ce ta kore shi ba, amma hanyarsu ɗaya da mayunwatan.

A Ontariyo ya zama malami, yana koyar da yara a gidan wani iyali kusa da tafkin Rice. Wajen 1855 labari ya iske shi cewa mahaifiyarsa na kwance a Ayalan. Ba halin zuwa, sai ya rubuta 'yan baitoci ya aika mata domin ta'aziyya. Waƙar ke nan. Wasiƙar ɗa ce zuwa ga uwarsa, bai yi nufin kowa ya rera ta ba.

Bayan wannan ya sake neman aure. Aka yi wa budurwar, Eliza Roche, baftisma cikin ruwan tafkin mai tsananin sanyi, ta kamu da ciwon huhu, ta rasu a 1860. Bai ƙara neman mace ba.

A nan ne, a ganina, halin mutumin ya fito fili. Ya ɗauki koyarwar Ubangiji a kan dutse da gaske, fiye da yadda yawancinmu masu wa'azi muke ɗaukarta. A garin Port Hope aka san shi da zarto a kafaɗa, yana bi gida gida yana yanka wa gwauraye da marasa lafiya itace. Ku tuna, a ƙasar ƙanƙara gidan da ba itace yana bakin mutuwa ne. Tufafinsa ma yakan tuɓe ya bayar. Ana ba da labarin wani mai kuɗi da ya so ya ɗauke shi aiki, aka gaya masa ba zai samu ba, gama mutumin nan ba ya yi wa mai iya biya faskare. Yakan tsaya kan titi yana wa'azi, waɗansu suna masa dariya, suna cewa da sauransa.

Ita kuwa waƙar ta yi tafiyarta ba da sunansa ba. Wani lauya ɗan Amurka, Charles Converse, ya sa mata muryar da muka sani a 1868. A 1875 Ira Sankey, mawaƙin mai bishara D. L. Moody, ya sa ta cikin littafin waƙoƙinsa, har aka ɗauka Horatius Bonar na Sikotlan ne ya rubuta. Sai gab da ƙarshen ransa aka gane mai ita. Da aka tambaye shi, ya amsa cewa shi da Ubangiji ne suka yi ta tare. Daga Ontariyo ɗin nan ne kuma Walter Gowans da Rowland Bingham suka taso a 1893, suka haɗu da Thomas Kent ɗan Amurka, suka nufo ƙasarmu da bishara.

A 1886 ciwo ya kwantar da shi, ga baƙin ciki mai nauyi. Wani abokinsa a Bewdley ya ɗauke shi gida yana jinyarsa. Wani dare aka duba ɗaki ba ya nan, washegari aka sami gawarsa cikin ruwa kusa da gidan. An binne shi a gefen tafkin Rice, kusa da kabarin Eliza.