Alex Haley da Neman Salsalar Danginsa (1921–1992)

An haifi Alex Haley a Ithaca ta jihar New York ranar 11 ga Agusta, 1921, amma ya yi wayo ne a Henning, wani ƙaramin garin manoma a Tennessee, a gidan kakarsa ta wajen uwa, Cynthia Palmer. A ƙofar gidan nan tsofaffin matan dangi kan zauna da almuru suna jero sunayen magabata, daga Tom maƙeri zuwa George mai zakarun faɗa, zuwa Kizzy, har su tuƙe ga wani mutumin Afirka da aka kama ya fita saran icen ganga. Sun kuma riƙe wasu 'yan kalmomi na harshensa, waɗanda ba su san asalinsu ba.

Shekara 20 ya yi a rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, daga 1939 zuwa 1959, kuma a can ya koyi rubutu. Bayan fitowar tarihin rayuwar Malcolm X a 1965, sai ya duƙufa kan binciken zuriyarsa. Masanin tarihin baka Jan Vansina ya danganta kalmomin da harshen Mandinka. Wannan ya kai Haley ƙauyen Juffure a Gambiya a 1967, inda wani dattijo, Kebba Kanji Fofana, ya ba shi labarin Kunta Kinte. Haley ya haɗa labarin da jirgin Lord Ligonier da ya isa Annapolis da bayi a 1767. Littafinsa Roots, mai bin zuriya bakwai, ya fito a 1976, ya kuma samu lambar Pulitzer ta musamman a 1977.

Sai suka ta biyo baya, mai nauyi kuwa. A 1978 ya sasanta da Harold Courlander, wanda ya kai shi ƙara kan kwasar sassa daga littafinsa The African. A 1981 Donald Wright ya nuna cewa Fofana ba gogaggen maroƙin gado ba ne, kuma da alama ya riga ya ji abin da baƙon yake nema, tarkon da duk mai tattara tarihin baka a fadojin ƙasar Hausa ya san shi. A wannan shekarar Gary da Elizabeth Mills suka gano cewa bawan da ake kira Toby, wanda Haley ya ɗauka shi ne Kunta, yana cikin takardun gidan Waller na Virginia tun kafin jirgin ya iso. Ƙarshen silsilar, daga Tom zuwa Henning, ya fi tushenta ƙwari.

Haley ya rasu a Seattle ranar 10 ga Fabrairu, 1992. An binne shi a farfajiyar gidan kakarsa a Henning.