Abdullahi Quilliam, lauyan Ingila da ya buɗe masallaci a Liverpool

Mutane da yawa sun ɗauka Musulunci ya shiga Ingila ne da baƙin haure bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tarihin Abdullahi Quilliam ya nuna ba haka ba ne.

An haife shi a Liverpool a 1856, sunansa na yanka William Henry, iyayensa Kiristoci ne. Ya zama lauya, ya yi tafiya zuwa Maroko, abin da ya gani a can ya shiga ransa, a 1887 ya bayyana Musuluntarsa. Ranar Kirsimeti ta 1889 ya buɗe masallaci a gida mai lamba 8, Brougham Terrace. Da farko abin bai zo da sauƙi ba, don ’yan unguwa jifan ladani suke yi in ya tashi kiran salla. Shi kuwa Malam Abdullahi sai ya buɗe makaranta da gidan marayu, yana ciyar da yaran talakawa ba tare da tambayar addininsu ba. Turawa ɗaruruwa suka musulunta ta hannunsa.

A 1893 ya fara buga jaridar mako-mako, The Crescent. A 1894 Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya naɗa shi Shaihul Islam na Birtaniya, kuma a shekarar ya zo Legas wajen buɗe Masallacin Shitta-Bey a madadin Sarkin. Da Ingila ta kai yaƙi Sudan a 1896, ya yi fatawa cewa kada Musulmi ya ɗaga makami a kan ’yan’uwansa, aka yi ta zarginsa da rashin kishin ƙasa.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 1908 ya bar ƙasar saboda wata shari’ar saki da ta sa aka soke lasisinsa na lauya, jama’arsa suka watse. Daga baya ya dawo da wani suna, Henri de Léon, ya rasu a Landan a 1932, aka binne shi a maƙabartar Brookwood.

Masallacin ya koma ofishin rajistar haihuwa da aure, aka manta da shi shekara da shekaru. Sai da Musulmin Liverpool suka tashi, suka tara kuɗi, aka sake buɗe shi a 2014. Mu da muke tsiraru a inda muke, mu rubuta tarihin masallatanmu na zango tun dattawan da suka san shi suna raye. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi.